Yadda na gano inda lissafin ɗalibaina yake karkacewa

Ina koya wa matasa masu neman aiki a bankunan zuba jari yadda ake haɗa takardu uku a manhajar lissafi ta Excel: ta riba da asara, ta kadara da bashi, da ta shige da ficen kuɗi. Mako biyu abu ɗaya ya hana mu sakat. Kadara ta ƙi yin daidai da bashi haɗe da jari, sai ɗalibai su cusa adadi da hannu a gurbin tsabar kuɗi don ɓangarorin biyu su haɗu. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mai duba aiki a banki zai gano rufa-rufar nan cikin minti kaɗan.

Sai na ƙara layi guda a ƙasa: kadara, a debe bashi da jari, dole ya ba da sifiri kowace shekara. A fayil ɗin wata ɗaliba giɓin ya nuna naira miliyan 8 a shekarar farko, 16 a ta biyu. Na ce ta raba 8 ɗin biyu, ta nemo wannan adadin, domin idan aka debe abin da ya kamata a tara, giɓin yakan zama ninkinsa biyu. Miliyan 4, ga shi nan: raguwar darajar injina. An riga an debe shi a takardar riba da asara, sai ta sake debe shi a takardar shige da fice, alhali mayar da shi ake yi, tunda ba kuɗi ne suka fita ba. Alama ɗaya ta juya daga debewa zuwa tarawa, layin ya koma sifiri.

Yanzu adadin da aka buga da hannu shuɗi ne, fomula kuwa, wato lissafin da Excel ke yi da kansa, baƙa. Ina ganin shuɗi a gurbin tsabar kuɗi nake mayar wa mai shi da fayil ɗinsa.