Darasi na 9: Tafiyar Minti 30 Don Sanyin Rai

Ƴar uwa, galibi mace tana daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. A wannan lokaci barci kan ƙaurace wa wasu, gumi ya jiƙa zane da dare, gaba ya riƙa faɗuwa, abu kaɗan sai faɗa da yara. Kada ki yi saurin cewa iska ce ko sammu. Jiki ne ke sauyawa. Tafiya da ɗan sauri tana rage damuwa da ƙuncin rai, tana kuma gyara barci. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30, kwana 5.

Mataki na 1: Duba agogo

Nan ne kuke yawan tuntuɓe, don haka mu bi a hankali. Ɗauki wayarki. Za ki ga lambobi gida biyu, da ɗigo biyu a tsakaninsu, kamar haka: 6:00. Gidan hagu awa ne. Gidan dama minti ne. Dama, wato ɓangaren hannun cin tuwo. Ɗora yatsa a kai. Yawwa, sannu da ƙoƙari.

Kin fita da safe waya na nuna 6:00. Ki yi ta tafiya har gidan dama ya zama 30, wato 6:30. Shida ɗin nan ta hagu ba za ta motsa ba, ki rabu da ita. Dama za ki duba. In bayan la'asar ne, wayar za ta iya nuna 17:00, ƙarfe biyar ke nan. Ki tsaya a 17:30. Wane gida kika duba? Dama.

Wata Hajiya a ajinmu ta dubi hagu, ta ga 6 ba ta gusa ba, ta yi ta zagaya Birni har gwiwa ta kumbura. Ba abin kunya ba ne, haka ake koyo. Amma don Allah, sau nawa zan maimaita? Makon jiya da yawa kun zo ba ku ko gwada ba, wai ayyukan da kuke yi a cikin gida sun isa motsa jiki. Wanke-wanke a zaune kan kujera ba ya ɗaga numfashi. Sake ɗora yatsa. Dama, minti.

Mataki na 2: Sauri

Ki yi saurin da za ki iya magana amma ba ki iya rera waƙa. Ki ja maƙwabciya, hira ma tana sauke nauyin zuciya. In 30 ya yi yawa, fara da 10. Da bazara kada ki fita cikin rana, ki riƙe ruwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ta fara ganin likita.

Mataki na 3: Rubuta

Duk ranar da kika yi tafiya, ja layi ɗaya a littafinki. In ƙuncin ya wuce mako biyu bai sake ki ba, je asibiti.

Aikin gida: kawo layi biyar ranar Asabar.