Darasi na 6: Idan Oba-oba Ta Ƙi Ji Ko Ta Ƙi Magana

Wayar oba-oba tana ji, tana kuma magana, amma ba ta haɗa biyun a lokaci guda. Muddin yatsanka na kan maɓallin gefe, kunnenta a toshe yake. Sai ka saki za ka ji abokinka. Sau da yawa ana kai ta wurin mai gyara alhali lafiyarta ƙalau, shi ya sa a wannan darasi ba za mu kwance ko noti ɗaya ba.

Fara da batir. Sauraro ba ya cin wuta sosai, aika magana ne ke ci. Batir mai rauni zai bar ka ka ji kowa sarai, amma da ka danna maɓalli sai fuskar wayar ta dushe, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Cire shi, ka goge ƙananan ƙarafan da ke bayansa da busasshen ƙyalle, ka mayar. In ba ta canza ba, ari batirin abokin aiki ka gwada.

Sai eriya. Murɗa ta ka ji ko ta zauna daram. Kada ka kuskura ka danna maɓallin magana babu eriya, domin ƙarfin da ya kamata ya fita sai ya koma ciki, yana iya ƙona wayar. Kuma a daina ɗaukar oba-oba ta eriya kamar an kamo zomo ta kunne, haka ake karya ta daga ciki ba a sani ba. In za ka yi magana, riƙe ta a tsaye.

Yanzu ga wurin da nake so ka natsu. A saman yawancin oba-oba akwai ƙaramar fitila. Ja na nufin kana aikawa, kore na nufin saƙo na shigowa. Ce wa abokinka ya yi magana, kai kuma ka zuba wa fitilar ido.

In koren ya kama amma shiru, to saƙon ya iso, wani abu ne ya tare shi a ƙofa. Ƙara murya tukuna. Duba ramin abin sawa a kunne, don ƙura na iya sa wayar ta ɗauka an jona shi. Bayan wannan, babban abin zargi shi ne lambar da ake rubutawa CTCSS. Wani siririn sauti ne da ke tafiya tare da muryarka, yana farawa daga 67.0 zuwa wajen 254. Kamar mabuɗi yake: in taka 88.5 ce, ta abokinka kuma 100.0, ba za ka ji shi ba ko da kuna tasha ɗaya. Ku daidaita lambar. Ka kuma sani ba ta ɓoye sirri, duk wanda bai sa lamba a tasa ba yana jin ku.

In koren bai kama ba sam, ku tabbatar tasharku ɗaya. Sannan nemi inda aka rubuta SQL. Shi ne mai gadin da ke hana ƙarar "shuuu" damun ka. In an ɗaga shi da yawa, har muryar mutumin da ke nesa zai kora. Sauke shi har ƙarar ta fito, sannan ka ɗaga kaɗan-kaɗan, ka tsaya daidai inda ta yi shiru.

Saƙon oba-oba kusan a miƙe yake tafiya. Tudu, katangar kankare da jikin mota suna tare shi. Fita fili, hau bene, ko ka matsa kusa da taga. Wani lokaci taku uku kawai ya isa. In kuma wata ƙara kake ji mai kama da kukan ƙudan zuma, kashe cajar waya, ƙwan LED ko inbata da ke kusa, ɗaya bayan ɗaya, har ka gano mai laifin.

Idan kai ne ake cewa ba a gane maganarka, danna maɓalli, jira daƙiƙa ɗaya, sannan ka fara, in ba haka ba kalmarka ta farko za ta yanke. Bar tazarar yatsu uku tsakanin bakinka da wayar. Ihu ba ya ƙara nisa, sai dai ya farfasa murya. In muryarka na fita can ƙasa-ƙasa, ta abokinka kuma tana tsagewa a wurinka, mai yiwuwa saitin faɗin tasha ne ya bambanta: wayarka na kan matsattsen zango na 12.5, tasa na kan mai faɗi na 25. Ku koma iri ɗaya.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. In ka bi duk wannan da batir mai kyau da eriya mai kyau ba ta tashi ba, to a kai wa mai gyara.

Aikin yi: ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya canza abu guda a wayar. Mai juya bayan ya gano abin da aka taɓa, ya rubuta sunansa a littafinsa, da launin da fitilar ta nuna.