Yadda ake goge cikin bututun bindigar farautar talotalo

A Amurka, cikin watannin Afrilu da Mayu, maharbin talotalon daji yakan zauna a gindin bishiya yana kwaikwayon kukan mace har namijin ya matso. Ba a harbin jiki, domin gashin tsuntsun da ƙashin fukafukansa suna tare ƙwayoyin harsashi. Kai da wuya ake nema, kuma wurin bai fi tafin hannu faɗi ba. Shi ya sa maharban can suka damu ƙwarai da yadda ƙwayoyin ke zuba wuri guda. Ma'aunin da suka saba da shi shi ne a harbi takarda daga nisan yadi 40, wato mita 36 da 'yan kai, a ƙirga hujin da ya faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 10. Yawancinsu ba sa amincewa da abin da ya gaza huji 100.

Goge cikin bututu na ɗaya daga cikin dabarun ƙara wannan adadi. A harsashin zamani ƙwayoyin suna zaune ne cikin wani ɗan kofi na roba da albarushi ke turawa. Idan injin masana'anta ya bar kaushi a bangon bututun, kofin yakan karce, ya bar ɓurɓushin roba, harbi na gaba ya ƙara a kai. Kofin da ya fita a karkace, ko ƙwayar dalmar da ta lotse a hanya, ba sa tafiya inda aka nufa.

Kafin ka taɓa komai, ka auna bindigar yadda take. Nemi takarda babba, ɗora bindigar a kan abin da ba zai motsa ba, ka yi harbi uku aƙalla, kowanne a sabuwar takarda, da harsashi iri ɗaya. Bayan ka harba ne za ka zana da'irar, a inda hujin ya fi cunkushewa, ba a inda ka saita ba. Rubuta adadin kowace takarda. Mutane da yawa suna tsallake wannan, su yi guga, su ga bututu na walƙiya, su ce aiki ya yi. Ido ba ya ƙirga huji.

Sai ka duba ko bututunka na gugawa ne. Wasu bindigogi, musamman ƙirar Italiya irin su Benelli, an shafe cikinsu da kurom, wani ƙarfe mai tauri da sheƙi, tun daga masana'anta. Wannan wanki kawai yake so. Bututu mai zanen murɗe a ciki, na harsashi ƙwaya ɗaya, a ƙyale shi. Haka tsohuwar bindiga da tsatsa ta rarake, da bindigar toka ta maƙeranmu wadda ba a san kaurin ƙarfenta ba. Irin su Remington 870 da Mossberg 500 ko 835 su ne aka fi yi wa wannan aiki.

Kayan aikin ba su da yawa: sandar wanke bindiga wadda ba ta da mariƙi mai juyawa, injin huji mai batir, buroshin tagulla daidai da faɗin bututun, soson ƙarfe mafi laushi wanda aka rubuta 0000 a jikinsa ko yankin soson Scotch-Brite, ruwan narka datti irin Hoppe's No. 9, man bindiga, man goge ƙarfe irin J-B ko Flitz, da tsummokin auduga masu yawa. Sa tabarau, ka yi aikin inda iska ke shiga.

Tabbatar babu harsashi ko ɗaya a ciki, ka cire bututun daga jikin bindigar, ka ɗaure shi a tebur da tsumma ko katako a tsakani don kada ya kwarzane. Yanzu ga wurin da aka fi yin ɓarna. A bakin bututun akwai ɗan guntun ƙarfe da ake murɗawa ciki don ya maƙure hanyar fita, mu kira shi maƙura. Ta talotalo matsattsa ce sosai: bututu mai lamba 12 a ma'aunin girman bututu yawanci faɗinsa inci 0.729 ne, maƙurar kuwa takan sauko wajen 0.665. Cire ta ka ajiye, don guga na iya buɗe ta. Amma kada ka bar bakin haka nan, soso zai cinye zaren da take hawa, wato zanen murɗe da ke cikin bakin. Ɗaura wata tsohuwa mai faɗin baki ta tsare maka zaren.

Wanki ya riga guga, kuma a ganina nan ne mafi yawan ribar take. Jiƙa cikin bututun sharkaf da ruwan narka datti, ka bar shi minti goma sha biyar. Shigar da buroshi ta gindi, wajen da harsashi ke zama, ka yi ta kai da komo. Bi da tsumma. Za ka ga baƙin datti, wani lokaci har da zaren roba siri-siri. Maimaita har tsumma ya fito fari. Bututun da mai shi ke rantsuwa tsaf yake, sau da yawa nan asirinsa ke tonuwa.

Sannan gugar kanta. Naɗe buroshin da soson har ya riƙa shiga da ɗan matsi, ka jiƙa shi da mai sosai, ka ɗaura ɗayan ƙarshen sandar a injin huji. Shigar da soson ciki kafin ka kunna. Da gudu matsakaici, ka riƙa tafiya daga gindi zuwa baki kana dawowa, a hankali, ba tsayawa. In ka tsaya wuri guda soson zai ci wurin fiye da sauran, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ka ɗan ƙara zirga-zirga a gangaren da ke gaban mazaunin harsashi, inda bututun ke tsukewa, domin nan ne kofin roba ke fara gogar bango, nan ne kuma kaushi ya fi yawa. Shi mazaunin kansa wucewa kawai za ka yi. Kada soso ya bushe. Idan bututun ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, dakata ya huce. Bayan 'yan mintuna ka tsaya, ka share, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa. Idan har yanzu kana ganin zobba-zobba a bango, canza soso ka sake zagaye ɗaya. Zane mai zurfi da ya ƙi fita, bar shi. Na maƙerin bindiga ne mai kayan awo.

Daga nan sai ka cire soson, ka naɗe buroshin da tsumma, ka shafa man goge ƙarfe, ka yi kamar yadda ka yi a baya. Tsumman zai yi baƙi ƙirin, haka ake so. Canza shi sau biyu ko uku har cikin ya zama kamar madubi.

Wanke duk abin da ya saura, domin man gogewa yana da ɗan yashi a ciki. Kwance tsohuwar maƙurar, ka share zaren da kyau, ka ɗiga masa mai kafin ka mayar da ta talotalo. Idan bindigarka mai ɗura kanta ce da hayaƙin harbi, kamar Remington 11-87, akwai ƙananan huji a jikin bututun da datti kan toshe, buɗe su.

Koma wajen gwaji da bututu busasshe, harsashi iri ɗaya, nisa ɗaya, a ranar da ba iska. Kwatanta da adadin da ka rubuta, ka kuma duba ko guraben da babu huji a tsakiyar da'irar sun ragu. Lura da harbin farko daban, tunda shi ne za ka yi a daji: wata bindigar ta fi zubawa a wanke tas, wata sai bayan harbi ɗaya ko biyu. Idan adadin bai motsa ba, kada ka ƙara guga. Gwada wata maƙurar, ko ka sauya harsashi daga dalma lamba 5 ko 6 (lambar girman ƙwaya ce, in ta ƙaru ƙwayar ta ƙanƙance) zuwa ƙarfen tungistin lamba 9, wanda ya fi dalma nauyi da sama da rabi, ga ƙwayoyinsa ƙanana da yawa a kwanso ɗaya.