Matakan neman tallafin kuɗi ga ƙungiyar coci a Najeriya

1. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Masu ba da tallafi ba sa tura kuɗi asusun fasto.

2. Ku karɓi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, don banki zai buƙace ta. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum 2 na sa hannu.

3. Ku karanta sharuɗɗan gidauniyar da kuke neman tallafinta sosai. Wasu ba sa ɗaukar nauyin wa'azi ko ginin coci, sai aikin da kowa zai amfana, kamar rijiyar burtsatse ko koyar da marayu ɗinki.

4. Kasafin kuɗi na iya kayar da mai nema. Kada a rubuta jimla kawai. Misali, in koyar da ɗinki ne, a kawo farashin kowane keken ɗinki, albashin malama da kuɗin mota.

5. Ku adana kowane rasit saboda rahoton da za ku ba masu tallafin.