Yadda za ka nemi gwajin ADHD a Ingila ba tare da ka tsufa a layi ba

ADHD lalura ce ta wahalar maida hankali, rashin iya zama waje ɗaya da yin abu ba tare da tsayawa tunani ba. Wannan na 'yan uwa ne mazauna Ingila, musamman masu yaro namijin da kullum sai makaranta ta kira, baya iya zama waje ɗaya, yau ya yar da jaka gobe rigar sanyi, aikin gida na minti goma sai ya ci awa biyu ana kuka. Har da magidantan da suke kallon yaron suna ganin kansu, don abin yana bin jini sosai. Ba kowace ƙiriniya bace ADHD, amma in ita ce wallahi duka da tsawa basa maganinta.

Likitan GP, wato likitan unguwa da kake da rajista a wajensa, ba shi ke tabbatarwa ba, nashi shine ya tura ka wajen ƙwararre. Kar ka je masa hannu rabbana. Rubuta abinda kake gani a gida da makaranta ko wajen aiki, saboda sai alamun sun fito a waje fiye da ɗaya, sun kai wata 6, kuma sun faro tun kafin shekara 12. In yaro ne fara ganin SENCO, malamin da ke kula da masu buƙata ta musamman, ya rubuto nashi bayanin. In kai ne babban, cike fom ɗin ASRS, wato tambayoyin tantance alamun ADHD na manya, ka kira Hajiya ta tuna maka yadda kake kana ƙarami.

Layin ne matsalar. A 2024 binciken BBC ya nuna akwai yankuna da dama da sai an yi shekara 8 ko fiye kafin a gama da manyan da ke jira. To dan Allah ka riƙe sunan nan: Right to Choose. Haƙƙinka ne a Ingila ka zaɓi cibiyar da GP zai tura ka, ko da mai zaman kanta ce indai tana da kwantiragi da NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, kuma baka biyan ko sisi, amma ba lallai a faɗa maka ba sai kai ka furta da bakinka, shi yasa gara ka duba cibiyoyin tun a gida ka ga wacce layinta yafi gajarta, wacce kuma ke karɓar yara, ka je da sunanta a rubuce. Banda Scotland da Wales, tsarinsu daban.

Masu niyyar biya da aljihunsu, ku tsaya tukuna. Ku fara tambayar GP ko zai karɓi rubuta maganin daga baya, yana da ikon cewa a'a, in ya ƙi kuɗin magani kowane wata a wuyanka yake. Ko bayan sakamako ma akwai wani layin na daidaita magani irin su methylphenidate, shi ma ka tambayi tsawonsa tun farko.

Kafin nan kar a bar yaron haka, makaranta bata buƙatar takardar likita kafin ta fara taimaka masa. Ka roƙi a dawo dashi kujerar gaba, a dinga raba masa aiki kaɗan kaɗan, a barshi ya ɗan miƙe ƙafa tsakanin darasi.