Yadda ake jawo ƴan wasan nishaɗi cikin gasar PlayStation ba tare da tsofaffin hannu sun kore su ba

Daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, babu unguwar Damagaram da ba ta da samarin da ke buga ƙwallon PlayStation bayan la'asar. Ka ce su zo gasa, sai kowa ya noƙe. Abin da suke gudu bakin tsofaffin hannu ne: a ci yaro bakwai da nema, a yi masa ihu, gobe labarin ya kai fadarsu kafin ya iso.

Fara da tsayar da wasa ɗaya. Tun 2021 kamfanin Konami ya sauya sunan wasan ƙwallonsa daga PES zuwa eFootball, a 2023 kuma wasan FIFA ya koma EA Sports FC, amma gardamar ƴan PES da ƴan FIFA tana nan. Kada ka buɗe ƙuri'a, za ku raba dare ba ku gama ba. Ga sababbi eFootball za ka ɗauka, don kyauta ake sauke shi har a waya, yaro zai iya sanin ƴan wasa da tsarin fili a gida, ko da yake taɓa gilashi daban ne da riƙe manet, wato abin sarrafa wasan.

Kafin ka gayyaci sabo ko ɗaya, je wurin gwanayen shagon da ake buga wasan, ka zauna a sha shayi. Wanda ya fi kowa baki shi za ka fara ba aiki. Ka ce masa: "Yaya, ƙannen nan huɗu a hannunka suke, in ɗayansu ya kai kusa da ƙarshe sunanka ne." Mutumin da jiya yake tsokana, yau za ka gan shi tsugune bayan yaro yana raɗa masa ya daina danna gudu koyaushe, ya ɗaga kai ya ba da ƙwallo.

Inda gasa ke mutuwa shi ne wurin haɗa wa zai kara da wa. Masu shiryawa suna son sili-ɗaya-ƙwale don yana da sauri: mutum 16, wasa 15, an tashi. To amma takwas sun fita bayan wasa ɗaya tak, kuma kusan dukansu sababbin da ka sha wahalar lallaɓowa ne. Yaro ya biya kuɗin shiga, ya biya kabu-kabu, ya zauna minti goma sha biyar ana zura masa. Ba zai dawo ba, abokansa ma ya hana su.

Raba su rukuni huɗu, mutum huɗu-huɗu, kowa ya buga uku. Wasa 24 ke nan. Da na'ura biyu, in kowane wasa ya ci minti 15, awa uku ne. Kuma kada ka warwatsa gwanaye ɗaya-ɗaya cikin rukunoni kamar yadda ake yi a Kofin Duniya. A gasar farko gwanaye su ci junansu a rukuninsu, sababbi a nasu. Za su yi ƙorafi cewa an sauƙaƙa wa yara hanya. Ka bar su su yi. Biyun farko na kowane rukuni su wuce babban kofi, biyun ƙarshe su buga ƙaramin kofi, don kada kowa ya koma ɗan kallo tun kafin magariba.

Dokoki a rubuta su a kwali, a manna kusa da tele. Wanda ya ci ƙwallo ya tsallake murna da maimaicin hoto. Rabin faɗan da ake yi daga nan yake tashi. Ba a zaɓar wa sabo ƙungiya, in yana son Real Madrid a bar masa, gwani ya ɗauki ƙarama. A gwada manet kafin a fara, don wadda sandarta ke ja gefe kullum hannun baƙo take faɗawa. In wuta ta ɗauke, a ci gaba daga sakamakon da ake da sauran mintuna, alƙali ya riƙa rubutawa. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, ka tanadi injin wuta, ka sa kuɗin mai cikin lissafi tun farko. Lokacin salla a tsaya. Caca a gefe kuwa, ko ta dala ashirin ce, a fitar da mai ita. Ranar da iyaye suka ji ana sa kuɗi, ranar ka rasa yaran da shagon baki ɗaya.

Kuɗin shiga kada ya wuce dala arba'in. Kyauta ba sai ta yi yawa ba, riga ko katin waya ya isa, amma ƙaramin kofi ma a ba shi tasa a gaban kowa. Buɗe zauren WhatsApp, a sa sakamako kawai, bidiyon wanda aka lallasa a goge shi nan take. Duk sabon da ya ci rukuninsa sau biyu a jere, a gasa ta gaba ka tura shi cikin gwanaye.