Yadda Ake Saka Tayar Tubles a Rim Mai Tsauri

Duk mai keken hawan dutse da ya koma tayar tubles ya san inda aikin yake tsayawa. Gefe ɗaya ya shiga lafiya, na biyun ma ya kusa, saura kamar taƙi guda, sai leɓen tayar ya miƙe a kan rim kamar tsirkiyar baka, ya ce ba inda za shi. A nan ake karya liba, wato ɗan abin da ake ɗaga leɓen taya da shi, a nan ake yage tef ɗin da ke rufe cikin rim, a nan babban yatsa yake yin bororo. Mafi yawan lokaci kuma laifin ba na tayar ba ne, ba na rim ɗin ba ne. Leɓen tayar ne yake zaune inda bai kamata ya zauna ba a ɗaya ɓangaren.

Da gangan aka yi tayar tubles da matsi. Tunda babu tub a ciki, leɓen taya da kafaɗar rim su ne suke riƙe iska, don haka dole su kama juna gam. Leɓen kuma ba roba zalla ba ne, a cikinsa akwai zaren aramid ko wayar ƙarfe, kuma duka biyun ba sa miƙewa. Wanda yake ja da ƙarfi yana jiran ya saki, wahalar banza yake sha. A Kano kuwa wahalar saka ta tana biyan kanta, domin duk wanda yake bin hanyoyin gona ta wajen Tiga ko Bagauda ya san abin da ƙayar aduwa da bagaruwa da tsidau suke yi wa tub. Ruwan liƙin da ke cikin tubles yana toshe irin waɗannan ƙananan hujin kana kan tafiya.

Kafin komai, karanta lambar da ke jikin tayar. Kada ka tsaya kan inci, ka nemi lamba irin 60-622 ko 57-584. Ta biyun ita ce faɗin da'irar rim a milimita: inci 29 shi ne 622, inci 27.5 shi ne 584, inci 26 na keken dutse shi ne 559. Wannan yana da muhimmanci a nan, inda kekuna na hannu da tayoyi suke zuwa a gauraye. Akwai rim ɗin da ake kira 26 amma 590 ne, na kekunan cikin gari, kuma baƙin keken nan irin su Raleigh da Phoenix da ake ce wa 28, nasa 635 ne, ya fi na 29 girma. Tayar 584 ba za ta hau rim ɗin 590 ba ko ka kwana kana yi. Ka kuma duba ko an rubuta TR, TLR, TLE ko UST a jikin tayar, alamun da ke nuna ta tubles ce, rim ɗin ma ya zama na tubles ne.

Yanzu ɗauki rim ɗin ka shafa cikinsa da yatsa. Za ka ji kafaɗu biyu masu tudu a gefe da gefe, da kwarmi a tsakiya wanda ya zagaye shi gaba ɗaya. Sirrin aikin duk yana cikin kwarmin nan. Da'irarsa ta fi ta kafaɗun ƙanƙanta, to idan leɓen taya ya faɗa cikinsa ko'ina, sai a samu rara, rarar nan kuma ita ake tattarawa a kai wurin da ya rage. Idan ko da rubu'in leɓen ya hau kafaɗa, rarar ta tafi.

Abin da ya fi cinye kwarmin shi ne tef. Kowane milimita ɗaya na kauri da ka ƙara a kan rim yana ƙara wa zagayensa fiye da milimita 6. Saboda haka wanda ya naɗa salatif zagaye huɗu, ko ya bar tsohuwar robar da take rufe kan sifok sannan ya ɗora tef a kanta, shi ya tsaurara rim ɗin da hannunsa. Cire duk abin da ke ciki, ka goge da sifirit, ka bari ya bushe. Nemi tef ɗin tubles na ainihi wanda ya fi faɗin cikin rim da milimita 2 zuwa 5: idan cikin rim 30 ne, tef mai 32 ko 33 ya yi. Zagaye ɗaya ya isa ga keken dutse. Fara kamar santimita 5 kafin ramin bawul, ka ja shi da ƙarfi kana naɗawa, ka wuce ramin da wasu 5 ɗin. Sannan ka bi shi da tsumma da babban yatsa, kana danna shi cikin kwarmin har ya kwanta ya ɗauki siffarsa. Tef ɗin da ya yi gada a saman kwarmi, ka ƙwanƙwasa ka ji yana amo kamar fatar kalangu, bai zauna ba. Ramin bawul kuma da tsinin allura ko basilla ake huda shi, ɗan ƙarami, bawul ɗin ya faɗaɗa wa kansa. Idan ka tsaga da reza, ta nan iska za ta riƙa bi. Notin bawul da hannu ake ɗaure shi, ban da filaya.

Sabuwar taya mai naɗewa takan fito daga kwali a lanƙwashe. Warware ta ka shanya a rana minti 15 zuwa 20, ranar Kano ta wadatar. Da sanyin safiyar hunturu roba takan sandare, gara ka bari sai hantsi ya ɗaga. Ban da kara ta a wuta ko a bakin salansar janareto. Shimfiɗa tabarma ko kwali ka yi aikin a kai, domin yashi ƙwaya biyu a leɓen taya ya isa ya sa ta riƙa sacewa. Faifan birki ya kalli sama don kada ya lanƙwashe, kuma kada sabulu ko ruwan liƙi ya taɓa shi. Duba kibiyar da ke nuna inda tayar take juyawa tun yanzu, don ba wanda yake so ya sake wannan aikin sau biyu.

Saka gefen farko, ka tura shi cikin kwarmi. Gefe na biyu kuwa ka fara shi daga ɓangaren da yake kallon bawul, wato can nesa da shi, ka ƙare a wajen bawul. Masu tub da yawa sun saba farawa daga bawul, to a tubles wannan kuskure ne: gindin bawul yana zaune ne a tsakiyar kwarmi, yana hana leɓen faɗawa, don haka shi ya kamata ya zama na ƙarshe. Hannu biyu su tafi tare, ɗaya dama ɗaya hagu.

Da ka iso inda ya ƙi, tsaya. Kada ka ɗauki liba tukuna. Jingina wilin a cinyarka, wurin da ya rage yana ƙasa, ka koma can sama inda ka fara. Matse tayar da yatsu har ka ga leɓen ya zame daga kafaɗa ya faɗa kwarmi, sannan ka gangaro da tafukan hannunka biyu kana matsewa kana turo robar ƙasa, kamar mai tatsar nono. Idan ka iso ƙasa za ka ga abin da ya rage ya ragu. Maimaita sau biyu ko uku. A rim mai faɗi, ka lura kada gefen farko ya mamaye kwarmin shi kaɗai. Ɗan tura shi gefe don na biyun ya samu wuri. Idan kana saka nan can yana fita, yanko tsohon tub ka ɗaure tayar da rim tam a ƙarshen inda ya shiga, sai ka yi aiki daga ɗaya ƙarshen kawai. Shafa ruwan sabulu a leɓen da bakin rim: sabulun wanke-wanke ɗan kaɗan a rabin kofin ruwa. Baƙin mai, giris, man gyaɗa da fetur duk babu su a nan, suna lalata roba, suna hana ruwan liƙi kamawa, suna kuma sa taya ta zame a kan rim idan ka taka birki. Ragowar leɓen kuma da gindin tafin hannu ake mirgina shi, ka kama tayar gaba ɗaya ka murɗa ta baya. Babban yatsa ba shi da wannan ƙarfin.

Idan har sai da liba, ta roba za ka sa, kuma daga gefe za ka riƙa gutsura, santimita 3 ko 4 a kowane ɗagawa. Wanda ya cusa liba a tsakiyar inda ya miƙe, liba ce za ta karye. Bakinta ya tsaya a kan bakin rim, kada ya nitse ya kai ga tef. Sukundireba, cokali da dogon ƙarfen da masu faci suke buɗe tayar babur da shi suna lotsa rim ɗin alminiyam, na kabon kuwa tsaga shi suke yi. Tayoyi masu kaurin jiki, irin DoubleDown na Maxxis ko Super Gravity na Schwalbe, sukan buƙaci liba biyu da mutum na biyu mai riƙe leɓen cikin kwarmi.

Shigar taya rabin aiki ne, saura ta hau kafaɗa. A rim mai tsauri an fi so a fara hura ta babu ruwan liƙi, don idan ta ƙi kada a yi ta fama cikin danƙo. Kwance ƙwayar bawul ɗin, iska ta samu hanya, ka ƙara sabulu a gefe biyu, ka rataye wilin ko ka riƙe shi sama kada nauyinsa ya danne tayar, sai ka buga famfon tsaye da sauri. Alherin rim mai tsauri shi ne sau da yawa famfo kaɗai yana ɗaga shi. Za ka ji ƙara, tas, tas, sau biyu ko fiye. Idan ta ƙi kama iska, cire bawul ɗin, ka saka tub ka hura har gefe biyu su hau, ka bar ta awa ɗaya, sannan ka ɓalle gefe ɗaya kawai ka zare tub ɗin, ka mayar da bawul.

In za ka je wajen mai faci, tafi da ɗan adaftan da ke haɗa siririn bawul na Presta da bakin tiyon mota, kuma ka tsaya a kai. Tankin injinsa yakan ɗauki iskar da ta wuce psi 100 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), tayar keken dutse kuwa kada ta haura 40, ko abin da aka rubuta a rim ko tayar idan bai kai haka ba. Ka ce masa: "Malam, kaɗan-kaɗan za ka riƙa ba ta, muna aunawa." Taya da ta yi tsalle daga rim tana iya ji wa hannu da kunne rauni, kuma leɓenta ya lalace ke nan.

Bayan ta hau, duba siririn layin da ke jikin tayar dab da bakin rim. Ya fito daidai ko'ina a gefe biyu. Inda ya nitse, wurin bai hau ba: sace iskar, ka tura wurin ciki, ka sa sabulu, ka sake hurawa. Ƙara iska fiye da kima ba ya gyara shi.

Sai ruwan liƙi. Girgiza kwalbar sosai, domin ƙwayoyin da suke toshe huji a ƙasa suke kwanciya. Sace iskar, ka zuba ta bawul da sirinji marar allura: mililita 90 zuwa 120 ga tayar 29 mai faɗin 2.3 ko 2.4, 60 zuwa 90 ga ta 26 ko siririyar 27.5. Mayar da ƙwayar bawul, ka hura zuwa 30 ko 35, ka riƙe wilin a kwance kana karkaɗa shi kana juyawa, sannan ka ɗora shi a bakin bokiti minti 10 kowane gefe. Ɗan zagaye a unguwa yana taimaka masa ya bi ko'ina. Idan da safe ta sace, shafa ruwan sabulu ka ga inda kumfa take fitowa. Kumfa a ramin sifok ko a gindin bawul yawanci tana nufin tef ya huje ko ya ɗaga, kuma matse noti ba zai yi magani ba, sai an sake tef. Don hawa, yawancin mutane tsakanin psi 22 da 30 suke tsayawa, gwargwadon nauyinsu da irin hanyar.

Zafin Maris zuwa Mayu da bushewar hunturu suna shanye ruwan liƙi da wuri. Duk wata biyu ka cire wilin ka girgiza shi kusa da kunne. Idan ba ka ji motsin ruwa ba, ƙara ta bawul, ba sai ka ɓalle tayar ba.